Babi Na Shida: Baƙin Kwana Goma

Daga cikin ire-iren littattafan hikaya da Kiristocin Amurka ke wallafa wa 'ya'yansu, akwai wani reshe wanda, ko da yake malaman adabi na jami'o'i ba su cika ɗaga ido su dube shi ba, ya shiga gidaje da ɗakunan karatu na majami'u fiye da yadda mai hange daga nesa zai zata. Shi ne labarin yarinya, wani jiƙon kuma yaro, 'yar makarantar sakandare, wadda ta bi ayarin matasan cocinsu zuwa wata ƙasa domin aikin bishara na mako guda ko biyu, ta tafi da wata irin zuciya ta komo da wata. Galibin marubutansa mata ne, galibin masu karanta shi 'yan mata ne da ba su wuce shekara 12 zuwa 17 ba, galibin masu biyan kuɗinsa kuwa iyaye ne da kakanni, waɗanda ke neman abin da za su miƙa wa yarinya ranar bikin haihuwarta hankalinsu kwance. Wanda duk ke son ya san yadda wata al'umma ke fatan 'ya'yanta su zama, ya kamata ya dubi irin ƙissar da take saya musu, domin a nan ne take faɗin abin da ke ranta ba tare da ta yi shirin kare kanta ba.

Ba a gane wannan hikaya sai an san al'adar da ta haife ta, al'adar kuwa ba ta daɗe ba. A zamanin da, in aka ce wane ya tafi aikin mishan, ma'anarsa ya sallami danginsa, ya hau jirgin ruwa, watakila a sake ganinsa bayan shekara huɗu ko biyar, watakila kuma sai labarin kabarinsa. Da jirgin sama ya yawaita, kuɗinsa ya sauko, arziki kuma ya yalwata a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai waɗansu samari masu himma suka ga babu dalilin da zai sa ɗalibi ya jira sai ya ƙare karatun tauhidi kafin ya fita. A 1957 George Verwer, yana ɗalibi, ya ɗauki abokansa biyu da mota cike da littattafan Linjila suka nufi Meksiko a lokacin hutu, daga nan ƙungiyar Operation Mobilisation ta samo asali. A 1960 Loren Cunningham ya kafa Youth With A Mission. A 1970 aka kafa Teen Missions International, wadda ta shahara da sansaninta na jihar Filorida, inda ake tsare yara mako biyu a cikin tanti da sauro da fadama, ana koya musu ɗora bulo da haddar ayoyi, kafin a rarraba su ƙasashe. Ƙarni ɗaya bai cika ba abin ya zama ruwan dare, har Robert Wuthnow, masanin zamantakewa na Jami'ar Princeton, ya kiyasta a littafinsa na 2009 cewa mutum wajen miliyan 1.6 daga majami'un Amurka ke fita irin wannan gajeriyar tafiya kowace shekara.

Ita hikayar tana da kaka, wato littafin Catherine Marshall mai suna Christy, na 1967, wanda ya ba da labarin budurwa 'yar shekara 19 da ta bar gidan wadata a 1912 ta tafi koyarwa a makarantar mishan cikin duwatsun jihar Tenesi, tsakanin talakawan Turawa 'yan uwanta. Da sunan wannan littafi ne ma ake kiran babbar lambar yabo ta hikayar Kirista a Amurka tun daga shekarar 2000. Amma wadda ta buɗe kasuwar 'yan mata sosai ita ce Robin Jones Gunn, matar wani mai hidimar matasa a coci, wadda ta sha faɗin cewa abin da ya tura ta rubutu shi ne ganin irin littattafan soyayyar da 'yan matan cocinsu ke karantawa, da ta nuna musu rashin jin daɗinta kuwa suka ce to ta rubuta musu wanda ya fi. A 1988 ta fitar da na farko a jerin labaran Christy Miller, yarinya 'yar shekara 14 daga jihar Wiskonsin wadda ta je hutu gidan gwaggonta a bakin tekun Kalifoniya, a littafi na 12 kuma, wanda ya rufe jerin, ta kai ta Ingila horon aikin bishara, daga can aka tura ta Sifaniya. Bayanta sai Melody Carlson, wadda ta soma jerin nata a 2000, ta tsara shi kamar kundin da yarinya mai suna Caitlin ke rubuta sirrin zuciyarta, a littafi na biyu ta bi da ita Meksiko tare da matasan cocinsu, inda ta ga yara suna rayuwa a gefen jujin gari. A tsakanin nan kuma mujallar Brio, wadda ƙungiyar Focus on the Family ta soma buga wa 'yan mata a 1990, ba labari kaɗai take bugawa ba, har kwasar masu karatunta take yi tana kai su irin wannan tafiya, ta yadda rubutu ke haifar da tafiya, tafiya kuma ta komo ta haifi rubutu.

Wanda ya karanta uku ko huɗu daga cikinsu ya san hanyar da sauran ke bi, domin zangunan ba su cika saɓawa ba. Ana farawa da sanarwa a taron matasa na daren Laraba, sa'an nan matsalar guzuri. Yarinya ta zauna ta rubuta wasiƙa zuwa ga baffanni da maƙwabta da tsofaffin coci, tana roƙon addu'a a sama, a ƙasa kuma tana ambaton adadin dalar da ake bukata, tana jin kunyar abin kamar ta nutse; ranar Asabar su taru a farfajiyar coci da bokiti da soso suna wanke motocin jama'a, ko su toya waina irin tasu su sayar bayan sujada; kuɗin kuma ba ya cika sai ana gobe rufe rajista, sa'ad da ambulan marar suna zai iso ɗauke da daidai abin da ya rage, ba ƙari ba ragi. Wannan ambulan shi ne darasin farko na tawakkali, kuma da wuya marubuciya ta iya haƙura da shi. Daga nan sai riguna iri ɗaya masu launi mai ɗaukar ido, don kada wani ya ɓace a filin jirgi, sai doguwar mota, sai ƙetare iyaka, inda surutu ke ɗaukewa cikin motar gaba ɗaya domin an fara ganin gidajen kwali da langa-langa a jikin tudu.

Aikin da ake ba su a can iri biyu ne. Da safe gini: a zube yashi da tsakuwa da siminti a ƙasa, a yi rami a tsakiya, a kwara ruwa, yara goma sha biyu su kewaye da shebur suna juyawa, waɗanda hannunsu bai taɓa riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba, kafin azahar tafin hannu ya yi bororo, ƙusa tana lanƙwashewa ƙarƙashin guduma, wani dattijo ɗan gari yana tsaye yana murmushi yana gyara abin da suka ɓata. Da yamma kuma makarantar yara: waƙa da tafi, wasan 'yar tsana, da ɗinka wa kowane yaro munduwar tsakiya mai launi biyar, baƙi na zunubi, ja na jinin Almasihu, fari na tsarkakewa, kore na girma cikin bangaskiya, ruwan zinariya na gidan sama, domin launi ba ya bukatar tafinta. A cikin yaran nan lalle akwai guda ɗaya, ƙaramar yarinya mai manyan idanu marar takalmi, wadda za ta kama hannun baƙuwarmu ta ƙi saki. A dare na huɗu ko na biyar, bayan ciwon ciki da rashin wanka da ɗan saɓani da ƙawa sun gama tausasa ta, ana zaune a da'ira ana kaɗa gita, sai kuka ya ƙwace mata, ta gane cewa ta zo da nufin bayarwa alhali ita ce mabukaciya. Sauran labari komawa gida ne, da tsayuwa a gaban ikilisiya ranar Lahadi don ba da shaida.

Kada mai karatu ya ɗauka don na jero zangunan nan haka ina yi musu ba'a ne, domin akwai abin da waɗannan marubuta suka sani sani na haƙiƙa, shi ne zuciyar mai shekara goma sha shida. Sun san niyya ba ta zuwa tsantsa. Yarinyar da ta sa sunanta a takardar tafiya, kashi ɗaya na zuciyarta Allah take nema, kashi ɗaya tana gudun rigimar gida ne, kashi ɗaya kuwa ta ji cewa wani saurayi ma zai je. Marubuciya ta gari ba ta ɓoye wannan, sai ta bar yarinyar ta kama kanta da kanta, ta ga yadda take ƙara ƙwazo da shebur in ana kallonta, take sassautawa in an juya baya. Wannan shi ne abin da malamanmu na tarbiyya ke kira riya, maganinsa kuwa muhasaba, wato mutum ya zaunar da ransa ya yi masa hisabi kafin a yi masa. Kundin da Caitlin ke rubutawa kowane dare ba wani abu ba ne face wannan. Al'adar tana da tsohon tushe a wurin Furotesta, tun daga kundin David Brainerd, mai wa'azi cikin Indiyawan Amurka, wanda ya rasu yana ɗan shekara 29, Jonathan Edwards kuma ya wallafa shi a 1749, samari masu niyyar mishan suka yi ta karanta shi ƙarni bayan ƙarni. Imamu Gazali ma, a babin ladubban tafiya na Ihya'u, ya kasa tafiya gida biyu, ta zahiri da jiki da ta baɗini da zuciya, ya kuma bayyana cewa rabuwa da abin da aka saba shi ke tone halayen da zaman gida ke rufewa. A wannan fage littattafan ba su yi ƙarya ba: yaron da aka raba shi da gadonsa da wayarsa da abincin da ya saba, aka sa shi aikin ƙarfi cikin rana tsakanin mutanen da ba ya jin harshensu, zai ga wani abu a ransa da bai taɓa gani ba.

Akwai wani rauni ƙarami da zan ambata in wuce, shi ne yadda ake biyan taƙawa da miji. Christy Miller ta haƙura da saurayin da take so domin kada ta tare masa hanyar kiran da ya ji, ta sallama shi ga Allah da hawaye, sai ga shi ta sauka a Sifaniya ta tarar da shi a can. Masu karanta littattafan soyayya na kasuwar Kano ba za su yi mamakin wannan dabara ba, kuma ba laifi ba ne marubuci ya faranta wa mai karatunsa. Sai dai yarinyar da ta koyi cewa duk abin da ta bari don Allah za a dawo mata da shi a babi na ƙarshe, da fuskarsa da sunansa, an koya mata ciniki ne aka kira shi sallamawa.

Babban raunin kuwa yana wani wuri, kuma Bahaushe zai riga Ba'amurke ganinsa, saboda mu mutane ne da suka daɗe suna saukar baƙi suka san nauyin abin. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A cikin waɗannan littattafai an ba raɓa babi ashirin, kaba kuwa ko suna cikakke ba ta samu ba. Dattijon nan mai gyara ƙusa, ba a gaya mana ko magini ne wanda zuwan baƙi masu aikin kyauta ya hana shi kwangilar makon. Matar faston gari da ta tashi tun asuba tana dafa wa mutum ashirin abincin da cikinsu zai ɗauka, tana tafasa musu ruwan sha, ba a tambaye ta abin da ta bari na gidanta ba. Yarinyar nan mai manyan idanu, wadda ayari ke rungumarta ranar Litinin ya yi mata bankwana da kuka ranar Asabar, wani ayarin kuma ya iso mako mai zuwa da nasa rigunan, ba wanda ya zauna ya rubuta abin da wannan ke yi wa zuciyar yaro. Dukansu an jera su ne domin baƙuwa ta dube su ta ga kanta. Talaucinsu ya zama darasin godiya gare ta, murmushinsu ya zama wa'azi a kan son abin duniya, da zarar darasi ya shiga kuwa aikinsu cikin labarin ya ƙare. Ba kasafai ma ake tambayar dalilin talaucin ba, ko na ƙasa ne da aka ƙwace, ko na albashin masana'antun bakin iyaka da ke ɗinka wa kantunan Amurka kaya, ko na bashi da yaƙi. Yana nan kawai kamar zafin rana, abin da baƙo ke jurewa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda hikayar ke mantawa cewa ƙasashen da aka fi kai yaran nan, Meksiko da Gwatamala da Honduras da Jamhuriyar Dominika, ƙasashen Kirista ne tun kafin a san za a yi Amurka. Limaman ɗariƙar Faransiskan goma sha biyu sun sauka Meksiko a 1524, kusan shekara ɗari kafin jirgin Turawan Ingila masu gudun tsanantawar addini ya tsaya a Plymouth ta Amurka a 1620. Tsohuwar da yarinyar Kalifoniya ke ɗaura wa jikarta munduwar tsakiya, mai yiwuwa ta binne 'ya'ya biyu ba ta bar zuwa coci ba, ta san haƙuri da ƙaddara sanin da baƙuwar ba za ta kai gare shi ba sai ta tsufa. Marubutan da suka fi basira sukan ɗan taɓo wannan, su sa baƙuwa ta ji kunya da ta ga irin addu'ar mutanen; amma ko a nan bangaskiyar ɗan gari abin sha'awa ce da ake kallo, ba ilmi ba ne da ake durƙusawa a ɗauka a gaban mai shi.

Wani masanin halayyar al'umma na Kwalejin Wheaton, Brian Howell, ya bi ayarin 'yan sakandare na wata coci zuwa Jamhuriyar Dominika, ya zauna cikin shirye-shiryensu da tafiyarsu da komowarsu, ya wallafa abin da ya gani a 2012. Jigon bayaninsa shi ne cewa yaran suna koyon labarin tafiyar tun ba su tafi ba, daga bakin waɗanda suka riga su da shugabannin da ke shirya su, sa'an nan su je su ga abin da labarin ya ce za su gani, su komo su faɗe shi da kalmomin da aka ba su. Duk wanda ya saurari shaidar irin waɗannan matasa ya san jimlolin: cewa mutanen ba su da komai amma suna cike da farin ciki, cewa mun je mu sa musu albarka sai muka tarar mu aka sa wa, cewa rayuwata ba za ta koma kamar da ba. Ba ƙarya suke yi ba, abin da suka ji ke nan. Sai dai tun da farko an yanka musu ƙofar da za su leƙa, abin da ke gefen ƙofar kuwa bai shiga ido ba. In haka ne, to, hikayar da muke magana a kanta ba madubin al'adar ba ce kaɗai, tana cikin masu ƙera ta, domin yarinyar da ta karanta tafiyar Caitlin tana 'yar shekara 13 ta riga ta san a wane dare ya kamata ta yi kuka in tata tafiyar ta zo.

Lissafin kuɗi ma yana da abin faɗi. Bayan guguwar Mitch ta ragargaza Honduras a 1998, ƙungiyoyi suka yi ta gina wa mutane gidaje, waɗansu da hannun baƙi daga Amurka da Kanada, waɗansu da hannun 'yan ƙasa. Kurt Ver Beek, malami a Kwalejin Calvin wanda ya daɗe da zama a Honduras, ya bi diddigin ɓangarorin biyu, ya wallafa sakamakon a 2006. Ya tarar ayari guda yakan kashe wajen dala 30,000 a kan tafiyarsa domin ya gina gidan da 'yan ƙasa ke ginawa da dala 2,000. Ya tarar iyalan da baƙi suka gina wa ba su fi sauran samun wani canji mai ɗorewa ba. Ya kuma tarar su kansu matafiyan, ko da yake sun ce tafiyar ta sauya su ƙwarai, sadakar da suke bayarwa bayan sun koma ba ta ƙaru da wani abin kirki ba. Game da gidajen marayu kuwa, waɗanda hikayar ke so ƙwarai domin suna ba ta yaro mai kama hannu, ƙungiyar Save the Children ta bayyana a 2009 cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su, a waɗansu wuraren kuma kuɗin baƙi masu ziyara na cikin abin da ke sa gidajen yawaita.

Mu nan ƙasar Hausa mun ga ɗaya nau'in, na da, saboda haka muna da abin gwadawa. A ƙarshen 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin. Kafin 1894 ta ƙare biyun farko sun mutu, Bingham ya koma da zazzaɓi, ba a kuwa sami kafa tasha ba sai a 1902 a Patigi. Likita Walter Miller na mishan ɗin Ingila ya zauna a Zariya tun farkon ƙarni na ashirin, ya yi shekaru yana aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ya fito da Hausa a 1932, a ƙasar nan kuma ya rasu a 1952. Ba ina wanke su ba ne, domin sun zo ƙarƙashin inuwar mulkin mallaka, da yawansu kuma sun zo da raini irin na zamaninsu. Amma tsawon zama ya tilasta musu abin da kwana goma ba ya tilastawa: dole Miller ya zauna gaban Hausawa yana tambaya ana gyara masa, shekara da shekaru, kafin ya iya buɗe baki ya faɗi abin da ya kawo shi. Wanda ya koyi harshenka ya zama almajirinka ko bai so ba, ya kuma san sunanka da na ubanka. Yarinyar hikayarmu kuwa da kalma goma ta Sifaniyanci take zuwa, da ashirin take komawa, marubuciyar kuma takan mai da wannan rashi abin alfahari, ta ce ƙauna ba ta bukatar harshe.

Masu kare waɗannan littattafai suna da hujja, ba kuwa hujjar banza ba ce. Sukan ce an rubuta su ne domin 'yar shekara goma sha huɗu, wadda duniyarta ba ta wuce makaranta da kanti da madubi ba, in har labari ya sa ta san akwai yara a gefen juji, ta rage kwaɗayi, ta soma addu'a domin wani ba kanta ba, ai an ci riba; sukan ƙara da cewa da yawa daga masu aikin agaji da na mishan na dindindin daga irin wannan tafiya suka fara. Na yarda da rabin maganar. Inda na tsaya shi ne zaton cewa yarinya ba za ta iya ɗaukar labarin da ɗan gari ke da murya a cikinsa ba, alhali ita ɗin ce ke karanta littattafan makaranta masu nauyi fiye da haka. Su ma majami'un sun soma farga. Littafin Steve Corbett da Brian Fikkert na 2009, When Helping Hurts, wanda ya yi bayanin yadda taimako ke iya cutar da wanda aka taimaka da mai taimakon duka, ya zama abin karantawa ga ayarori da yawa kafin su tashi. A 2012 kuma marubuci Teju Cole, wanda ya tashi a Ikko, ya yi kakkausan suka a kan ɗabi'ar Bature mai zuwa ceton Afirka domin ya ji daɗin ransa, maganar ta zaga har cikin da'irar masu bishara. Sai dai wa'azi ya fi hikaya saurin juyawa, domin mai wa'azi ra'ayi kawai zai sauya, mai hikaya kuwa sai ta sauya wanda labarin ke kansa, abin da kasuwa ba ta cika so ba.

Akwai kuma mas'alar inda labari ke tsayawa. Mafi yawansu suna rufewa ne a filin jirgi ko a kan mumbari ranar shaida, lokacin da zuciya ke kan ganiyar zafinta, alhali duk wanda ya san sha'anin ibada ya san ba ranar tuba ake auna mutum ba, sai wata shida bayanta, sa'ad da jarrabawa ta matso, ƙawaye suka gaji da jin labarin Meksiko, hoton yarinyar nan kuma ya koma ƙasan littattafai. A nan Melody Carlson ta fi takwarorinta, domin tsarin kundi bai ba ta damar rufewa da wuri ba: Caitlin ta komo gida da zafin kai, tana ganin kowa a matsayin mai almubazzaranci, tana son ta bar zancen jami'a ta koma wurin yaran juji, iyayenta suka ƙi, aka shiga jayayya wadda ba wanda ke da gaskiya duka a cikinta. Wannan sashe, wanda ba shi da jirgi ko gita, ya fi tafiyar kanta koyar da yadda mutum ke girma, domin a nan ne yarinyar ta fara gane cewa sabuwar taƙawarta ma tana iya zama girman kai.

Ko a can ɗin dai, mai masauki bai komo cikin labari da bakinsa ba. A kusan kowane ɗaya daga littattafan nan akwai shafin bankwana, inda ake musayar adireshi a jikin mota, ana alkawarin wasiƙa da dawowa baɗi. Ver Beek ya tambayi iyalan Honduras game da wannan, ya tarar sun ji daɗin zuwan baƙin, abin da suka fi daraja a ciki kuwa shi ne zumuncin, sun so a ce ya ɗore. Ya kuma tarar kaɗan ne ƙwarai daga cikin matafiyan suka sake neman iyalin da suka gina wa gida bayan sun koma ƙasarsu.